Bugun da Ba a Rubuta wa Kamal Ba

Ramlat ba ta san komai game da wasan besbol ba, kuma ba ta ɓoyewa. Abin da ta sani shi ne ɗanta Kamal yana dawowa gida kowace Asabar gwiwoyin wandonsa sun yi jajir da ƙasa, ita ce kuma mai wanki. Ta san kuma a ƙarshen kakar wasa za a tsamo yara daga duk ƙungiyoyin a tafi da su gasa Kuwait, yaron nan kuwa ya ƙwallafa rai a kan tafiyar har lemon kwalba ya daina sha.

Tana bakin aiki a kantin magani kusa da unguwar Naif, wata 'yar kasuwa daga Kano tana jiran maganin mura, sai koci ya turo wa iyaye sakamakon yara ta waya. Sunan Kamal can ƙasa-ƙasa. Ramlat ta duba, ta sake dubawa. Yaron da ake tafa wa? Ina! Ta sallami matar nan ba tare da ta ce mata Allah ya ƙara sauƙi ba.

Da yamma ta tare mijinta a falo. Gidaɗo injiniya ne, Bafulatanin Yola, a Amurka ya koyi wasan lokacin karatu, shi ya sa aka roƙe shi ya riƙa rubuta maki. Ya yi mata bayani a sanyaye kamar yadda ya saba. Ya ce ba duk sanda yaro ya daki ƙwallo ya ruga ya isa zango na farko ake rubuta masa bugu ba. Idan ƙwallon irin wadda mai tsaro zai iya kamawa ce ba tare da wahala ba, amma ta kuɓuce masa, to sai a rubuta kuskuren mai tsaro, mai bugu ya tashi a tutar babu. Ta ce to wa ke raba wadda ake iya kamawa da wadda ba a iyawa? Ya ce mai rubutu, da idonsa. Ta ce su wa ke rubutun? Ya ce shi da wata Marisel.

Shi ke nan, Ramlat ta samu abin riƙewa. Marisel 'yar Filifin ce, ɗanta Jomar yana tsaro a wata ƙungiyar, shi ma Kuwait ɗin yake hange. Nan take duk wani abu da matar ta taɓa yi ya sake kama a idon Ramlat. Taliyar da ta kawo ranar buɗe kaka ta tura mata da yawa, ashe toshiyar baki ce. Dariyar nan tata mai fito da haƙora duka, da yawan tambayar lafiyar Kamal, duk na ganin ƙwaƙwaf ne. Ramlat ta yi kwana da kwanaki tana tufka da warwara a jirgin metro, daga tashar Al Rigga zuwa wurin aiki, har ta taɓa wuce tasharta.

Haushin Gidaɗo ma take ji. Duk sanda ta tayar da maganar sai ya ce a bar wa Allah, ya ɗauki butarsa. Ta ce a ranta mutumin nan, ko gidansa aka zo kwashewa sai ya riƙe wa ɓarayi ƙofa don kada a ce ya yi rashin kunya. Ana zaluntar ɗansa a gabansa yana zaune da fensir. Ko sunan yaron ba ya iya faɗa, ɗan fari ne, sai dai "wannan yaron", sai ka ce ɗan maƙwabta.

Ranar wasan ƙarshe kafin zaɓe, wanda ƙungiyar Kamal za ta kara da ta Jomar, ta yi musanyar aiki da wata abokiyar aikinta, ta biyo su filin. Ta ƙi zama a rumfar iyaye. Ta ja kujera ta dasa ta daidai bayan teburin masu rubutu, inda za ta ga hannun Marisel. Marisel ta juyo ta gaishe ta da fara'a, Ramlat ta amsa da ƙyar. Ta lura ma matar ba ta cika yi wa Gidaɗo magana ba, ta ce a ranta mai laifi ke nan, ba ta iya haɗa ido.

Da layi ya zo kan Kamal, ya gyara hular kwanonsa, ya daki ƙwallon nan da ƙarfi har ƙarar ta sa Ramlat zabura. Ƙwallon ta tafi ƙasa-ƙasa kamar an harba ta. Jomar ya yi tsalle ya miƙe a ƙasa, ƙwallon ta goge bakin safar hannunsa ta wuce. Kamal ya isa zango, iyaye suna ta tafi. Ramlat ta miƙa wuya.

Marisel ta ce wannan bugu ne, babu yaron da zai kama ta. Gidaɗo, wanda shi ne mai yanke hukunci ranar, ya girgiza kai ba tare da ya ɗago ba, ya ce kuskure ne, ta taɓa safa. Ya rubuta.

Marisel ta ajiye fensirinta. Ta juyo wajen Ramlat idonta ya kawo ruwa, ta ce da Turancinta mai sauri, don Allah ta tambayar mata mijinta me Jomar ya yi masa. Ta ce tun farkon kaka, in dai Kamal ne ya buga, sai an ɗora wa wani yaro kuskure, nata ɗan ya kwashi kashi mafi yawa, yanzu koci yana ganin hannunsa ba ya riƙe ƙwallo. Ta ce ta daɗe tana zargin so yake ya kayar da ɗanta don nasa ya samu gurbi, amma ta rasa gane yadda mutum zai yi hakan ta hanyar kayar da nasa.

Kunya ta rufe Ramlat, sannan zuciya ta taso mata. Ta jira aka tafi hutun shan ruwa, ta ja Gidaɗo bayan rumfa.

"Abban Kamal, kai ne?"

Ya jujjuya fensir a hannunsa. Can ya ce, "To ya kike so in yi? In zauna a gaban mutane in rubuta wa ɗana bugu da hannuna? Me za a ce?"

"Wa zai ce? Mutanen Yola ne a filin nan?"

Ya ce ita ba za ta gane ba. Mahaifinsa har ya koma ga Allah bai taɓa yaba masa a gaban kowa ba, kuma bai lalace ba. Ya ce wadda babu shakka a cikinta yana rubutawa, mai shakku ce kawai yake barinta ta faɗa ɗaya gefen. Ramlat ta ce ɗaya gefen akwai ɗan mutane a tsaye. Ta ce kunyarsa tasa ce, ya ji ta a jikinsa, amma yara biyu ne ke ɗaukar nauyinta. Ta ce ya je ya gyara. Ya ce doka ta ba mai rubutu dama ya sake hukunci, na yau zai iya, na baya kuwa sun riga sun tafi wajen koci. Ya koma teburin, kansa a sunkuye, ya goge, ya rubuta bugu.

Kamal ya sake fitowa a zagayen ƙarshe. Aka jefo ƙwallo, ya kai mata duka da dukkan ƙarfinsa har ya juya, bai same ta ba. Ta biyu ma haka. Koci yana ta ce masa a hankali, habibi, a hankali, taɓa ta kawai. Ta uku ya kusa faɗuwa. Aka fitar da shi, don a doka sau uku kawai ake kuskure ƙwallo, wasa ya tashi.

Suka shiga mota, suka hau babban titi. Ramlat ta juya baya ta ce wa Kamal me ya sa bai ji maganar koci ba, yake ta dukan iska kamar mai kakkaɓe tabarma. Kamal yana kallon taga, safar hannunsa a cinya.

"So nake ƙwallon ta tsallake katangar fili, Umma," ya ce. "Ita kaɗai ce Baba ba zai iya cewa kuskuren wani ba ne."