Makin da Pan Cyprian Ya Ba Mu

Kowace shekara wata mujalla ta ƙasar waje tana jera kamfanonin ba da shawara na ƙasarmu, guda ashirin. Kamfani zai miƙa sunayen mutum biyar da ya yi wa aiki, mujallar ta aika musu tambayoyi, su ba da maki. Hukumar garinmu, Žilina, ba ta gayyatar wanda ba ya cikin jerin ya nemi kwangila.

Bana Pani Hedviga, mai kamfaninmu, ta bar mini zaɓen sunayen. Na sa Pan Cyprian, tsoho mai masana'antar yanka katako, don na ga yadda yake tashi tsaye in ta shigo.

Ranar Talata saƙo ya zo daga mujallar: mutum huɗu sun yabe mu, na biyar ya ba mu ɗaya cikin biyar a kowace tambaya. In ba a gyara ba kafin Juma'a, mun fita.

"Tsohonki ne," in ji Tibor, abokin aikina, yana cin burodi a kan teburina. "Dorota, ke da ba kya magana, ranar da kika yi zaɓe sai kika zaɓo mana makashi."

Washegari na hau bas zuwa ƙauyen Pan Cyprian.

Na same shi a tsakar masana'anta, garin katako har cikin girarsa. Bai bar ni na buɗe baki ba sai da matarsa ta ajiye mini miyar kabeji.

"Pan Cyprian, mun yi maka laifi ne?" na ce, idona a kan cokali.

"Laifi? 'Yar nan, ɗaya na jera muku daga sama har ƙasa! Ni da na shekara tara a makaranta ban taɓa ganin ɗaya ba sai a littafin maƙwabcina."

Sai na ajiye cokalin. A makarantunmu ɗaya ce makin gwani, biyar ta wanda ya faɗi. Sauran huɗun sun karanta bayanin da ke saman takardar, cewa a wajen mujallar biyar ce maki mafi kyau. Shi bai ga dalili ba.

Na yi masa bayani a hankali. Ya ɓata rai.

"Wato in ba Hedviga biyar? Biyar ubana ke dukana a kanta!"

"Karanta takarda kake ƙi tun kana yaro, shi ya sa," in ji matarsa daga bakin murhu. "Rubuta wa yarinya, tsoho, bas zai wuce ta."

Ya zauna gaban kwamfuta da yatsa ɗaya, yana danna biyar yana tsaki, har sau goma sha biyu.

Da jerin ya fito, mu ne na sha huɗu. Pani Hedviga ta karanta a tsaye, ta cire tabarau, ta ce baɗi ma ni zan zaɓi sunayen.