An Yanke Amsar Baballe

A shekarar da aka hana shigo da alkama daga waje, duk mai ƙarfi a yankin Kura ya koma noman alkama, ruwan kanal kuma ya soma yin kaɗan. Gonar Baballe tana can ƙarshen layi ta wajen hanyar Bunkure, rabin eka ce ta tumatir. Kafin ruwa ya iso masa sai ya ratsa gonaki goma sha huɗu, babbar cikinsu, ta uku a layin, ta Alhaji Tambaya ce. A ƙa'ida Talata ce ranar ban-ruwansa. Talata uku a jere yana zuwa ya zauna a bakin magudana da fartanya a hannu, abin da ke isowa bai isa a yi alwala ba.

Baballe ya yi aji uku a sakandare kafin mahaifinsa ya rasu ya dawo gona, amma bai rabu da biro ba. Yana cikin wata ƙungiya ta mutum biyar masu rubuta labaran kimiyya, irin na tafiya sararin samaniya da na'urori masu tunani da yadda mutanen gobe za su rayu. Duk Alhamis bayan la'asar suke haɗuwa a wani aji na firamare. Shugabansu Malam Jaji ne, malamin kimiyya a sakandare, shi ya samo musu fili a wani gidan rediyo a Kano. Sau ɗaya a wata suke hawa mota su je a ɗauki muryoyinsu a tef, mutum biyu su karanta labarinsu, sauran su yi sharhi, a saka ranar Lahadi da yamma. Mace ɗaya ce a cikinsu, Malama Kubra, mai aikin jinya a asibitin sha-ka-tafi.

A watan nan Baballe ne zai fara karatu, Kubra ta biyo baya. Labarinsa a duniyar wata ya faru. Mutane suna noma a cikin rumfunan gilas guda goma sha biyar, wata na'ura mai ƙwaƙwalwa ce take raba musu ruwa ta bututu. Ruwan rumfar ƙarshe ya yi ta raguwa har shuka ta bushe, yara suka fara mutuwa, na'urar kuwa kullum da safe sai ta sanar cewa an raba daidai. A ƙarshe wata mata ta shiga cikin bututun da rarrafe, ta bi shi kwana biyu, ta tarar da wani reshe da aka ɓoye yana kai ruwa rumfa ta uku.

Da ya gama karantawa, mai gabatar da shirin, Sammani, ya matsar da makirfo gaban Malam Jaji.

Malam Jaji ya gyara tabarau ya ce, "Abu na farko, na'ura ba ta san ɗan wane ba. Lissafi take yi. Idan ruwa ya ɓace a hanya, ita za ta fara gani. Na biyu, bututun da ruwa ke gudu a cikinsa da ƙarfi, mutum ba ya rarrafe a ciki kwana biyu. Wannan a littafin aji huɗu yake, da marubucin ya kai can da ya gani." Ya ɗan yi dariya. "A gaskiya wannan ba labarin kimiyya ba ne. Ƙorafin bakin kasuwa ne aka ɗora wa hular ƙarfe."

Baballe bai jira a ba shi izini ba ya janyo makirfon.

"Malam, na yarda na'ura ba ta san ɗan wane ba. Wanda ya saita ta fa? Shi ma bai sani ba? Bututun kuma ai ba ruwa a cikinsa, shi ya sa ta iya shiga, labarin ke nan gaba ɗaya. Ka zo ranar Talata in nuna maka magudanar da za ka kwanta a ciki ka tashi rigarka ba ta jiƙe ba. A takardar mai kula da ƙofar ruwa an rubuta an ba ni awa shida. Ka je gona ta uku a layinmu ka ga alkama tana iyo."

Ya yi magana kusan minti biyar. Da ya yi shiru Sammani ya duba agogo ya ce lokaci ya ƙare, sai wata mai zuwa a ji labarin Malama Kubra. Ita dai ta rufe littafinta ta saka a jaka.

Baballe ya gaya wa duk wanda ya sani cewa ya kunna rediyo ranar Lahadi. A wajen da ake lodin kwandunan tumatir aka taru, manoma da 'yan dako da direbobi, aka ɗora rediyon a kan kifaffen kwando. Aka ji labarin, mutane suna gyaɗa kai, wani ya ce ai wannan rumfar ƙarshe layinsu ce. Aka ji sharhin Malam Jaji har zuwa hular ƙarfe. Baballe ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru, yanzu za a ji amsa. Sai kiɗan rufe shiri ya shigo, Sammani ya yi sallama.

Wani direba ne ya fara fashewa da dariya. Kafin magariba 'yan dako sun raɗa masa suna Hular Ƙarfe.

Washegari bai je gona ba, motar farko ya hau zuwa Kano. Ya yi awa biyu a benci kafin Sammani ya fito.

"Lokaci ne bai isa ba," in ji Sammani.

"Minti biyar kuka yi kuna kiɗa."

Sammani ya ja shi gefe, ya rage murya. "Malam Baballe, soja ke mulki, kuma ina da iyali. Duk da haka da na bar rabi. Shugabanku ne ya dawo bayan kun fita ya ce a cire duka. Ni reza kawai na sa wa tef."

Daga tasha makarantar Malam Jaji ya wuce. Ya same shi a ɗakin malamai yana duba takardun jarrabawa, ya ce ya fito waje. Suka tsaya a gindin darbejiya, ɗalibai suna leƙowa ta taga.

"Kai ka sa aka yanke ni."

"Ni ne," in ji Malam Jaji, bai ko sunkuyar da kai ba. "Shekara biyu ina bin ofisoshi kafin a ba mu rabin awa. Da an saka maganarka, da an rufe filin a makon nan. Kai kuma da ko Talatar da kake taƙama da ita ba za ka sake gani ba."

"To me ya hana ka sa a cire taka? Ka bar zagi ya fita, ka danne amsa."

"Ba zagi ba ne, sharhi ne."

"Maganar aji huɗu sharhi ce? Ka san abin da ya fitar da ni daga makaranta, kana cikin waɗanda suka ɗauki makarar mahaifina."

Malam Jaji ya ce, "Lafazin bai yi daɗi ba, na yarda. Amma maganar na'ura tana nan. Ba ka nuna wanda ya saita ta a cikin labarin ba, a bakinka ka faɗa bayan an gama. Mai sauraro labari yake ji."

Abin da ya fi ƙona wa Baballe rai shi ne ya san akwai gaskiya a nan. Ya juya ya tafi ba sallama.

Labarin Malam Jaji ne za a karanta a wata mai zuwa, an riga an raba kwafi. Baballe ya riƙa tafiya da nasa gona. Yana zaune a bakin busasshiyar magudana, ganyen tumatir yana nannaɗewa a gabansa, furen yana zuba, shi kuwa yana bin labarin layi-layi da jan biro. Labarin wani jirgi ne da ya ɗauki mutum dubu zuwa wata duniya, suna noma abincinsu a cikinsa. Lissafin tafiyar ba ƙure, amma wajen noman Baballe ya ƙirga kuskure goma sha ɗaya.

Ranar ɗauka Sammani ya ce Malam Jaji zai fara, Malama Kubra ta biyo. Malam Jaji yana kai aya Baballe ya buɗe takardarsa.

"A shafi na biyu an dasa tumatir, a kwana ashirin an cika kwando. Ko a mafarki ba a yi. A shafi na huɗu ana ba albasa ruwa har ranar cira, wadda duk aka yi wa haka kafin mako ta ruɓe. Alkama kuma an shuka ta a ɗaki mai zafi kusa da injin. Mutanen jirgin nan dubu, da yunwa ta kashe su tun ba su wuce wata ba. Wannan ba a littafin aji huɗu yake ba, duk yaron da ke koran tsuntsu a Kura ya sani. Malam ya iya auna nisan tauraro, bai san abin da ya ci da safe daga ina ya fito ba."

Malam Jaji ya mayar da martani, Baballe ya katse shi, suka shiga musu har suna buga tebur. Sammani bai tsayar da su ba, murmushi ma yake yi ta bayan gilas. Da ya nuna agogo, saura minti biyu.

Kubra ta miƙe tsaye.

"Sau biyu ke nan ina roƙon abokiyar aikina ta riƙe mini marasa lafiya in zo nan. Kullum sai an kawo mini yara biyar, shida, suna fitsarin jini saboda wanka a kanal. A kan haka na yi labarina, wata uku ina gyara shi. Ku biyun nan ko shafin farko kun karanta? Malam Jaji, ka karanta? Baballe, kai fa da kake kukan an hana ka magana?"

Kwafin da ta ba Baballe yana cikin aljihun wata riga a gida, ko buɗewa bai yi ba. Ta ɗauki jakarta ta fita, motar da ta hau zuwa Kura ma daban.

Ranar Lahadi aka saka faɗan gaba ɗaya, har da bugun tebur. Maganar Kubra ce kaɗai ba a ji ba. A wajen lodi aka yi ta tafawa, direban da ya fara yi masa dariya ya kama hannunsa yana cewa yau manomi ya kayar da malami. Baballe ya fizge hannunsa ya bar wurin.

Ya nemo kwafin ya karanta. Labarin wasu ƙananan na'urori ne kamar ƙwayar gero da aka zuba a ruwa don su cinye dodon-koɗin da ke kawo tsargiya, wato cutar fitsarin jini. Suka cinye shi tas, cuta ta ƙare, aka yi biki. Daga nan suka rasa abinci suka koma kan ƙwan kifi, sannan saiwar shinkafa. Labarin ya fi nasa, ya fi na Malam Jaji nesa ba kusa ba.

Da safe ya je asibiti, ya bi layi har aka zo kansa.

"Me ke damunka?" in ji Kubra, tana rubutu ba ta ɗago ba.

"Haƙuri na zo bayarwa, Malama."

"Ba haƙuri nake nema ba. Minti goma sha biyu nake nema a gaban makirfo. In ba ka da su, akwai masu ciwo a bayanka."

Daga nan ya nufi gidan Malam Jaji. Bai shiga zaure ba, a ƙofa ya tsaya.

"Wata mai zuwa ba ni ba kai. Ita kaɗai za ta karanta. In Sammani ya taɓa mata kalma ɗaya, ni na bar ƙungiyar, kuma sai na bi kasuwa na faɗi dalili."

Malam Jaji ya dube shi ya daɗe, ya ce, "Na ji."

Haka aka yi. A mota ɗaya suka tafi, Baballe a gaba, Malam Jaji a can baya. Kubra ta karanta labarinta daga farko har ƙarshe, a nutse, ba wanda ya ko yi tari. Da Sammani ya nemi sharhi, Malam Jaji ya ce bai ga inda na'urorin suke samun ƙarfin hayayyafa ba. Baballe ya ce ƙarshen ya zo da gaggawa, yana so ya ga abin da manoman suka yi da shinkafa ta fara kwanciya. Kubra ta ce maganar Malam Jaji tana shafi na uku in ya duba da kyau, ta Baballe kuwa za ta yi tunani a kai. An saka shirin yadda aka ɗauka.

Ruwa dai bai zo ba har rani ya fita. Inda Baballe ya saba cire kwando sittin, goma sha uku ya samu, su ma ƙanana masu tabo. Ya ci gaba da zuwa taron Alhamis, yana zama a bencin da ya fi nisa da Malam Jaji, kuma har aka daina shirin bayan shekara biyu gaisuwa ce kawai take haɗa su.