Abinci Kala Biyar

Shekara takwas ɗana yana Faransa, sai bana ya ga damar zuwa hutun bazara da matarsa da 'yarsu. Kwana shida kacal, kuma a otal suka sauka. Shi dai ya leƙo ni sau biyu, amma yarinyar zafi ya buge ta tun ranar da suka iso, ta kwanta. Na je otal ɗin sau ɗaya na tarar tana barci, na tsaya a bakin gado ina kallonta kamar kayan kanti, na dawo gida. Da ta warware, yamma ɗaya ta rage musu, washegari da sassafe jirginsu zai tashi.

Shekarunta huɗu, ba ta taɓa zama a cinyata ba. A waya ma da an miƙo mata ni sai ta ruga. Abin da nake so bai taka kara ya karya ba: ta san ni, ta koma can da fuskata a kanta. Ɗana ya ce ba ta cin abin da ba ta saba da shi ba, kada in wahalar da kaina. Wannan maganar ta sosa min rai. Na ce su zo ƙarfe biyar, abincin ƙasarsu za su ci a gidana.

Maƙwabcina tsohon kuku ne, ya yi shekara ashirin da wani abu yana girki a gidan wani Bafaranshe, kuma har yau ba a gama jin labarin ba. Da na je masa da maganar sai ya gyara zama kamar an maida shi aiki. Ya ce su Faransawa ba sa jibge abinci gaba ɗaya. Kala-kala yake zuwa, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da zafinsa, a kwashe faranti a kawo sabo. Ya lissafa min da yatsu: miyar albasa da cuku a samanta, kaza da bota da lemon tsami, salak, cuku da dogon burodi, sai kek ɗin tuffa.

"In kika jera musu komai lokaci guda, Hajiya, kin zubar da girmanki a idon surukarki," in ji shi.

Ni da na yi shekara talatin ina aikin jinya, in aka ce ga ƙa'ida ba na ƙetare ta. Na rubuta komai a takarda na manna a bangon kicin. Na fito da tebur ƙarƙashin rumfar ƙofar baya inda iska ke ɗan kaɗawa, na shimfiɗa farin zanen da nake ta ɓoyo. Ƙanwata ta zo da kwalliyarta da turarenta ta ce za ta kama min. Ita da ko ruwan shayi sai ta ƙona? Na ce ta zauna ta taya su hira, shi ne aikinta.

Suna yin sallama cukun da ke kan miyar ya fara ƙauri. Na buɗe ƙofa da tsumman girki a kafaɗa, gumi har cikin ido. Yarinyar tana maƙale a wuyan uwarta, ta juya min ƙeya. Ɗana ya fara cewa wani abu, na ce su shiga su zauna, ina zuwa yanzun nan.

Faranti shida gare ni masu kama ɗaya, mu kuma mu biyar ne. Duk kalar da aka ci sai na kwashe, na wanke, na goge, kafin in zuba ta gaba. Kicin ɗina ba taga sai wata 'yar kafa a sama, murhu biyu suna ci, ga zafin bazara, rigata ta manne min a baya. Nakan fito da tire in ajiye in koma. Sau biyu ɗana ya ce, "Umma, ki zo ki zauna mana." Na ce bari in sauke kazar. Surukata ta miƙe za ta bi ni kicin, na maida ita da hannu, don ba na so ta ga yadda wurin ya kacame.

Ina tsaye a bakin famfo ina jiyo su. Ƙanwata ba ta jin ko kalma ɗaya ta Faransanci, amma ta iya kwaikwayon kukan kyanwa, kuma tana da awarwaro har gwiwar hannu. Can sai na ji wata siririyar dariya da ban taɓa ji ba. Na saki soso na tsaya. Da na fito da salak, yarinyar tana kan cinyar ƙanwata, tana zare awarwaron ɗaya-ɗaya tana zurawa a hannunta. Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma na ce wa kaina saura kala biyu, in na gama zan zauna in karɓe ta.

A wajen wanke faranti karo na huɗu ne abin ya faɗo min. A gidan da kukun ya yi aiki, shi ne ke kai da kawo. Matar gidan tana zaune da baƙinta. Shi bai faɗa min ba domin bai taɓa ganin cin abincin daga kan kujera ba, ni kuma ban tambaya ba. Farantina yana can a kan tebur, miyar farko ta sandare a ciki.

Na cire tsumman na ɗauko kek ɗin na fito. Rana ta yi sanyi, sauro ya fara. Na tarar suna tsaye. Ɗana ya ce mai tasi ya iso, yarinyar ta fara rigimar barci, ga haɗa kaya. Surukata ta kama hannuna da hannu biyu, ɗana ya fassara min cewa ba ta taɓa cin miyar albasa mai daɗin wannan ba. Na gode mata. Me zan ce?

A bakin ƙofa ya durƙusa ya raɗa wa yarinyar wani abu, na gane yana tuna mata gaisuwar da ya koya mata. Ta saki hannunsa da gudu ta wuce ta gabana, har rigarta ta shafi ƙafata, ta rungume ƙanwata.

"Sai wata rana, Kaka," ta ce, da Hausarta mai tsalle-tsalle.

Ɗana ya juyo da yarinyar yana nuna ni, yana ta bayani da sauri-sauri. Ta kalle ni sama da ƙasa, ta kalli kek ɗin da ke hannuna, ta girgiza kai. Ta faɗi wani abu a hankali sannan ta cusa fuska a ƙafar uwarta.

Na tambaye shi me ta ce. Ya ce ba komai, shirmen yara ne. Na ce ya faɗa min, ni ba yarinya ba ce.

Bai iya kallona ba. "Ta ce wannan ai mai kawo abinci ce."

Mai tasi ya danna hon. Suka shiga, ƙanwata ce aka yi wa bye-bye ta taga. Ban san yaushe za su sake zuwa ba, kuma shekaruna sittin da tara.