Nasara a Bayan Riga

Bayan rikicin Jos na dubu biyu da ɗaya, sana'ar da ta fi kowace bunƙasa a garin ita ce sasanta mutane. Duk wanda ya samu ɗakin taro da kujerun roba sai ya buɗe ƙungiyar zaman lafiya. A shekarar 2005 ɗaya daga cikinsu ta ɗauki ɗalibai goma sha takwas daga wata kwaleji, tara Musulmi tara Kirista, za ta kai su Masar mako guda su ga masallatai da coci-coci kusa da juna. A unguwar Rikkos ta Jos ma kusa da juna suke, kuma da ƙafa ake zuwa, amma ba wanda ya tambayi ɗaliban, su kuma ba su yi wautar faɗi ba.

Ɗaliban suka yi zaɓe. Haladu, ɗan unguwar Ali Kazaure, ya kayar da Kausar da ƙuri'a ɗaya ya zama shugaba, kuma tun daga ranar ya daina jin duk abin da bai fito daga bakinsa ba. Shi ya raɗa wa tawagar suna Ƙungiyar Nasara. Shi ya ce a yi riguna iri ɗaya, koraye, a buga sunan a baya da Larabci don a girmama masu masauki.

Amma ba mulki kaɗai zai kai shi Masar ba. Mahaifinsa, Malam Badruddeen, tela a Laranto, ya rasu shekara uku kafin nan. A ƙuruciyarsa ya yi shekara biyu a Alƙahira da sunan karatu, yana kwana a wani masallaci a bayan kasuwar maƙeran tagulla, yana share shi a madadin kuɗin haya. Masallacin nan, in ji shi, ginshiƙansa arba'in ne na farin dutse, kowanne sai mutum biyu sun haɗa hannu za su zagaye shi. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ji labarin kafin a auna shi.

Da mahaifiyar Haladu, Tabawa, ta ji inda za a kai shi, ta ce ba ta son turare, ba ta son mayafi. Ta ciro wani tsohon hoto mai sunan masallacin a bayansa ta miƙa masa.

"Ka shiga ka yi raka'a biyu, ka yi wa babanka addu'a a inda ya yi shara. Sannan ka ƙirgo mini ginshiƙan nan. In ba ka yi ba, kada ka ce mini ka je Masar."

Aikin riguna aka ba Anayo, mai shagon buga rubutu a Laranto. Anayo bai san ko alif ba, don haka ya tsallaka titi wurin wani dattijon malami mai sayar da littattafai, ya roƙe shi ya rubuta masa "nasara" da Larabci. Malamin ya dube shi, ya dubi gicciyen da ke wuyansa, ya fahimci abin da ake so. Kalmar cin nasara haruffa uku ce. Shi kuwa ya ƙara alif a tsakiya da wata wutsiya a ƙarshe, ya rubuta Nasara ta Alƙur'ani, wato Kiristoci. Rubutunsa na da kyau ƙwarai. Anayo ya buga guda goma sha tara, har da ta Madam Theodora, malamar da za ta raka su.

Yaran Musulmi sun karanta, suka ji ta fito "nasara", suka ce madalla. Da ma mutum ba ya ganin bayansa. Kausar ce kaɗai, wadda ta yi Islamiyya da gaske ba don gudun aikin gida ba, ta tsaya a bayan Haladu a filin jirgin Kano ta daɗe tana kallo. Ta buɗe baki, shugaba ya ce mata duk mai ƙorafi ya rubuto a takarda. Ta rufe bakin, ta saki hijabinta ya sauka har gwiwa.

Kwana biyar na farko sun tafi kamar biki. A wurin dalar Fir'auna, Dantong, ɗan Rikkos mai dogon wuya da ba ya rabuwa da dariya, ya ɗaga kai ya ce duwatsun Jos ma an ɗora su kan juna, kuma su ba a kashe kowa wajen ɗora su ba. Aka hau raƙumi, Madam Theodora ta kira sunan Yesu sau bakwai kafin dabbar ta gama miƙewa. A gidan tarihi suka ga sarakuna a kwance cikin gilashi, baƙaƙe, busassu, kowanne da lambarsa. Ɗan jagora ya ce wannan ya yi mulki shekara sittin da wani abu. Dantong ya ce wa Haladu ya duba da kyau, haka shugabanci ke ƙarewa.

A tsohuwar unguwar Kiristoci kuwa abin ya wuce misali. Tun daga bakin lungu mutane ke karanta bayansu suna murmushi. Wani limamin coci mai gemu har ƙirji ya fito da kansa ya raba musu burodi. Wata tsohuwa ta kama kan Haladu da hannu biyu ta sumbace shi a goshi tana hawaye. Mai sayar da lemo ya ƙi karɓar ko sisi. Da yamma Haladu ya tara jama'arsa ya yi musu jawabi a kan yadda kyakkyawan shiri da tsabtar sutura ke jawo mutunci a ƙasar waje. Kausar ta fi kowa tafi.

A manyan masallatai ma ba a hana su shiga ba. An dai bi da su ta bayan igiya tare da Turawa, ana nuna musu mumbari ana yi musu bayanin abin da ake yi da shi. Wani ma ya gwada wa Haladu yadda Musulmi ke ruku'u. Haladu ya ɗauka tsari ne.

Masallacin babansa ba ya cikin jadawali. Kullum sai ya nuna wa ɗan jagora hoton, kullum sai ya ce gobe. A rana ta ƙarshe, an loda kaya a bas za a wuce filin jirgi, Haladu ya tsaya a ƙofar motar ya ƙi shiga. Madam Theodora ta dubi agogo, ta dube shi, ta ce ta ba shi minti ashirin, in ya ƙara ɗaya sai ya nemi aikin sharar babansa ya zauna. Bas ba ta shiga lungun, don haka ɗan jagora ya kwatanta musu hanya ya koma kujerarsa. Madam ta haɗa shi da Kausar saboda Larabci, da Dantong saboda ba a taɓa hana shi zuwa ko'ina ya hanu ba.

Suka ratsa ta cikin ƙarar guduma da warin gawayi. Minti shida suka ci kafin su ga ƙofar, ƙarama, koriya, fentinta duk ya ɓare. An kira azahar, maƙera na ta shiga suna goge hannu a riga. A bakin ƙofa wani tsoho mai tsaron takalma yana zaune a kan benci. Haladu ya juya ya sunkuya zai cire takalminsa, tsohon ya karanta bayansa, ya miƙa sandarsa ya tare ƙofar. Ya yi magana a hankali, cikin ladabi.

Kausar ta fassara. Ya ce maraba da baƙi, amma yanzu lokacin salla ne, masu yawon kallo sai bayan an idar, kamar nan da rabin sa'a.

Haladu ya ce ta gaya masa shi Musulmi ne ɗan Musulmi. Ta gaya masa. Tsohon ya nuna rigar da bakin sanda, ya faɗi kalma biyu.

"Me ya ce?"

"Ya ce rigarka ba ta yarda ba."

"Kamar yaya?"

"Ranka ya daɗe, abin da ke bayanka ba nasarar cin jarrabawa ba ce. Nasara ce ta coci. Kwana shida kana yawo a Alƙahira da allo a baya an rubuta Kiristoci."

Haladu ya yi ƙoƙarin leƙa bayansa, ya zagaya sau ɗaya kamar kare mai bin wutsiyarsa. Ya tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta ce tun Kano, kuma ta nemi takardar rubuta ƙorafi ba ta samu ba. Dantong ya jingina da bango yana dariya har hawaye, yana cewa ashe shi ya sa tsohuwar nan ta yi kuka, ta ɗauka sabon tuba ne.

Saura minti goma sha ɗaya, shida daga ciki na komawa ne.

Kausar ta daina murmushi da ta ga fuskarsa. Ta ce ya karanta wa tsohon Fatiha. Yaron da ya karanta Fatiha sau dubbai ya buɗe baki, haushi da kunya suka shaƙe shi, ya kai aya ta huɗu ya tsaya cak. Sai ga murya daga bayansa ta ɗora masa, da kyakkyawan lafazi, har da jan madda. Dantong ne, gicciyensa na lilo a ƙirji. A Jos ta wancan lokacin kowa ya haddace abin da zai fitar da shi in an tare shi a shingen ɗaya ɓangaren ana tambayar addininsa. Haladu ma ya iya Addu'ar Ubangiji ta Kiristoci ba gargada.

Tsohon ya dubi mai gicciye yana gyara wa mai riga karatu, ya gyaɗa kai kamar wanda aka tabbatar wa zatonsa. Ya yaba musu, ya ce makarantarsu na da ƙoƙari. Sandar ba ta motsa ba.

Haladu ya ja da baya. Ya cire rigar a tsakiyar lungu, ya juya ta baibai ya mayar, ɗinki a waje. Ba don tsohon ya yi ba, ya riga ya fidda rai da shi. Ya ce wa Kausar in ba za a bar shi ciki ba zai yi raka'arsa a nan bakin ƙofa, a kan duwatsu, babansa ai ya share nan ɗin ma. Akwai famfo a gefen bango. Ya tsuguna ya naɗe ƙafar wando.

Tsohon na kallonsa. Ya ga yadda ya murɗa famfon kaɗan don kada ruwa ya zube a banza, yadda yatsunsa suka shiga tsakanin juna ba tare da ya duba ba, yadda ya kai ruwa gwiwar hannu ya juya ta, ya shafi kai ya dawo da hannu, ya bi bayan kunne da babban yatsa, ya cuɗa diddige inda malalata ke tsallakewa. Hankalin yaron ba ya ma wurin, idonsa na kan ƙasa. Ba wanda ya taɓa koyon wannan don tsallake shinge.

Kafin ya gama ƙafar hagu, sandar ta sauka. Tsohon ya ɗauki takalman Haladu da hannunsa ya sa a kan kanta, ya yi wata magana.

"Ya ce ka yi sauri," in ji Kausar. "Ya kuma ce ka nemo wanda ya yi maka rigar nan."

Haladu ya shiga. Ɗaki ne guda, bai kai masallacin layinsu na Ali Kazaure ba. Tabarmi sun tsufa, fanka ɗaya na juyawa da ƙara, agogon bango ya tsaya. A wani lungu tsintsiya na jingine. Ya yi raka'a biyu kafin a ta da salla, ya yi sujada mai tsawon da bai kamata mai minti uku ya yi ba, ya roƙa wa Malam Badruddeen gafara. Da ya ɗago ya ƙirga ginshiƙai. Bai ɗauke shi lokaci ba. Ya sake ƙirgawa ko wasu sun ɓuya.

Da gudu suka koma. Sun makara da minti huɗu, Madam Theodora na tsaye a ƙofar bas ta riƙe ta da ƙafa tana faɗa da direba cikin harshen da ba ɗayansu ke ji. Ta ga rigar baibai ta tambayi dalili. Dantong ya ba da labarin tun kafin ya zauna, da ƙari. Kafin a isa filin jirgi sauran yaran Musulmi takwas sun juya rigunansu, Kiristocin tara kuma sun ce su tasu daidai take, a gode wa shugaba.

Rahoton da ƙungiyar zaman lafiyar ta buga daga baya ya ce tafiyar ta cimma gagarumar nasara. Wannan karon da boko aka rubuta.

Tabawa na tankaɗe a tsakar gida lokacin da ya shigo. Ta bar shi ya gaishe ta, ya sha ruwa, sannan ta tambaya ko ya yi. Ya ce ya yi. Ta ce ginshiƙan fa. Tun a jirgi yake shawarar abin da zai ce, ya shirya arba'in a bakinsa, amma da ya dube ta sai ya kasa.

"Inna, shida ne. Kuma na bulo ne, ni kaɗai na zagaye ɗaya da hannuna."

Ta ajiye rariyar. Ya zaci kuka za ta yi. Kafaɗunta suka fara rawa, ta rufe baki da gefen zane.

"Shida. Lokacin da yake neman aurena goma sha biyu ya ce mini. Duk haihuwa sai ya ƙara huɗu." Ta share ido da bayan hannu, gari ya shafe mata kunci. "Kai ne na bakwai. Da ya yi tsawon rai da masallacin nan ya kai Bukuru."

Ta ɗauki rariyar ta ci gaba. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, ko akwai tsintsiya a wurin. Ya ce akwai. Ta ce to, wannan dai bai yi ƙarya ba.