Littafin da Yaya Bai Karanta Ba

Tun Auta tana 'yar firamare ta san bakin Yaya ba ya fitar da yabo. Editan jarida ne, irin wanda zai gyara maka kuskure a takardar ta'aziyya kafin ya yi maka gaisuwa. Da ciwon ido ya ɗauke masa gani, dangi suka zaci zai yi laushi. Ina! Sai ya sa wa wayarsa manhajar da ke karanta masa duk abin da ke kan allo, ya ci gaba da caccakar jaridu daga kan kujerarsa ta falo.

Shi ya sa da Auta ta tura masa babin farko na littafin da take rubutawa, ta ɗaure ciki tana jiran wulaƙanci. Sai ga saƙon murya: "Ya yi kyau, Auta. Ci gaba." Babi na gaba ma haka, na bayansa ma haka. Nan da nan kanta ya kumbura, har ta fara yi wa oganta kallon wanda bai san da wa yake aiki ba.

Auta sakatariya ce, a irin ofishin da takarda ba ta cika takarda sai an buga ta, an danna mata hatimi, an sa ta a injin sikana an sake mayar da ita cikin kwamfuta. Hannu ya riga ya saba. Haka ta yi wa kowane babi: ta buga, ta sikana, ta tura. Hatimi kawai ta ɗaga wa ƙafa.

Ranar da za ta kai littafin maɗaba'a, ta biya gidan Yaya ya sa mata albarka. Ta tarar da shi yana mita, don Anti, matarsa, ta haɗa abin sauraron waya da yake sa wa a kunne da wanki, dole wayar ta yi magana a fili.

"Yaya, buɗe babin da ya fi burge ka mu ji tare," in ji Auta.

"Ba caji."

"Yanzu na cire ta daga wuta," in ji Anti daga kicin, ita da ba ta taɓa barin ƙarya ta huta a gidanta ba.

Yaya ya yi tsaki, ya shafa allon. Muryar wayar ta fito tangaram: "Shafi na ɗaya. Hoto. Shafi na biyu. Hoto. Shafi na uku. Hoto."

"Wane irin hoto kuma?" in ji Auta. "Ai rubutu ne."

"A idonki ba. Kin ɗauki rubutu hoto kin aiko wa makaho. Ita wannan haruffa take karantawa, ba duba take yi ba."

Auta ta ce, "To me ka karanta kake ce min ya yi kyau?"

"Sunan fayil ɗin. Shi ma akwai kuskure a ciki."

Anti ta fashe da dariya. Auta kuwa abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don a duniya ba yabon da take nema kamar na wannan mutumin, ashe iska aka yi ta hura mata. Ta ce, "Me ya hana ka faɗa min?"

Ya ce, "Na san ki. Da na faɗa, da kin kwaso takardu kin zo kin zauna kusa da ni kina karanta min a hankali, kamar an kwantar da ni a asibiti. Kina yi kina leƙen fuskata. Ni ba haka nake karatu ba. Ni kaɗai nake yi, in koma baya inda na ga dama, in zagi marubuci ba ya nan."

"To yanzu ya zan yi?"

Nan fa Yaya ya gyara zama, ya samu abin da yake so. Ya ce ta turo ainihin abin da ta rubuta a kwamfuta, kada injin ofis ya ko shinshina shi. Kan kowane babi ta sa masa alamar kanu ta gaskiya, yadda zai iya tsalle daga babi zuwa babi, ta bar wannan ƙara wa haruffa ƙiba da take yi. Zanen gidan da ta liƙa a tsakiya kuwa, ta rubuta bayaninsa a wurin da aka tanada. "Kuma kar ki rubuta min 'hoton gida'. Ki faɗi wane gida, ƙofa ina take kallo."

Maɗaba'a dai ba a je ba. Auta ta koma ofis ta yi aikin a lokacin cin abinci, tana yi tana ƙunƙuni. Da ta gama, ta kunna irin manhajar a tata wayar, ta rufe ido ta saurara. Ta ji wayar tana karanta tulin furannin da ta jera don ado tsakanin sassa, tana cewa "fure, fure, fure" kamar mai talla. Kunya ta kama ta, ta goge su duka, sannan ta tura.

Washegari tana tsakiyar danna hatimi ya kira. Ko gaisuwa babu.

"Auta, kin kashe direban nan a babi na biyu, ga shi a na biyar yana wanke mota. Tayar da shi aka yi daga kabari? Jarumar taki kuma duk shafi sai ta yi ajiyar zuciya, ki kai ta likita. Babi na huɗu barci ya ɗauke ni, Antinki ce shaida. Wannan ba maɗaba'a zai je ba, gyara zai je."

Ta tsaya da hatimi a hannu, idonta ya cika. Wannan karon ya karanta, kuma bai bar mata komai ba.

"Sai kuma uwar nan ta babi na uku," in ji shi, muryarsa ta sauka. "Mai ɓoye maganinta a bayan tukwane kada yara su gane ba ta da lafiya. Innarmu ce, ko?"

"Ita ce, Yaya."

Ta ji yana jan hanci, yana ƙoƙarin mayar da shi tari.

"Wannan shafin kar ki taɓa shi," ya ce. "Ko waƙafi ɗaya. Sauran duka ki sake."