Rizgar Salmanu

Salmanu mutumin Gayam ne, kuma duk ƙasar Birnin Gwari an san lambunsa na bakin rafi. Ba don kasuwa yake noma ba, iri yake ajiyewa. Yana da gwaza, da tumuku baƙi da fari, da doya iri-iri da ya gada wurin mahaifiyarsa, Bagwariya daga dajin Kamuku. Abin da ya fi ji da shi wata rizga ce mai zaƙi, wadda ba a samu sai wurinsa da wurin waɗanda ya ba. Irin waɗannan ba a zuba su a rumbu a manta kamar dawa. In damina ɗaya ta wuce ba a binne su ba, sun tafi ke nan.

Duk bazara mutanen ƙauyukan daji sukan zo, ya ba su iri, ya faɗa musu sunan kowanne da ƙasar da yake so.

Sai mahara suka fara shigowa, suna kwashe mutane a gonaki. Aka kama mijin 'yarsa Asama'u yana cikin huɗa. Gayam ta watse, waɗanda suka tsira suka gudu cikin birni. Salmanu bai ɗauki ko tabarma ba, kwandunan iri ya ɗauko, Asama'u na biye da shi da 'yarta Kadijatu a goye.

Aka ba su ɗaki a gindin ganuwa. Akwai ɗan fili a bayansa, nan ya yi kunyoyi, ya binne kaɗan-kaɗan daga kowane iri, ya kewaye da ƙaya.

Daminar nan ba wanda ya yi nisa da ƙofar gari. Hatsi ya ƙare, aka koma cin tafasa da rama. Salmanu ya riƙa wuni a bakin shingen yana gadi. Maƙwabta suka roƙe shi, ya hana.

“Iri ne,” in ji shi. “In mun ci yau, me za mu shuka ranar da aka koma?”

Kadijatu ta rame, ƙafafunta suka kumbura, ta daina kuka. Wata safiya Asama'u ta durƙusa a gabansa.

“Baba, ko kunya ɗaya ce ka bar mini.”

“Bai ƙosa ba, Asama'u. Abin da ke ƙasa bai kai yatsa ba. Ki yi haƙuri zuwa kaka.”

“Yarinyar nan ba za ta kai kaka ba.”

Ya sunkuyar da kai. Daga ranar ya daina shan rabonsa na kunu, yana tura wa jikar. Amma shingen bai buɗe ba.

Rannan aka kira shi jana'izar wani maƙwabci. Da ya dawo ya tarar an janye ƙaya, kunyoyin duk a tone, ganye a zube. Asama'u na zaune gaban murhu, tukunya a kan wuta, hannuwanta duk ƙasa.

“Ni ce, Baba. Kada ka zargi kowa.”

Ya buɗe tukunyar. Duk abin da ya ɗauko daga Gayam, har da rizgar, bai kai rabinta ba. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya zauna, ya gyara itacen, da ya dahu ya murtsuke da hannunsa, ya ɗora Kadijatu a cinya yana ba ta. Ta ci kaɗan, cikinta bai riƙe ba. Kafin dawa ta fitar da kai aka binne yarinyar.

Da hari ya lafa, Salmanu ya ɗauki sanda ya bi ƙauyukan da ya taɓa ba iri. Yawancinsu sun zama kufai. A bakin wata tsohuwar rijiya ya samu gwaza ta tsira da kanta. Wata tsohuwa a Damari ta ba shi kan doya guda. A hanya ya gamu da Jumare, wani makiyayi da ya san dajin sarai, ya tambaye shi ko ya ga rizga a wani kufai.

“Malam Salmanu, kada ka wahalar da ƙafarka,” in ji Jumare. “Abin da mutane ba su ci ba, gyado ya tone.”

Duk da haka ya ci gaba da nema har ruwa ya sauka. Bai samu ba.

Suka koma Gayam su biyu, suka tayar da lambun da ɗan abin da ya samo. Asama'u ce ke ɗebo ruwa, shi yana dashe. Suna aiki gefe da gefe, suna maganar ƙasa da ruwa da ɓarnar birai, amma har ya rasu ba wanda ya ambaci daminar birni a cikinsu. Bayansa ita ta riƙe lambun. Ba ta sake aure ba.