Ɗangiwa a Bayan Surukinsa

A zamanin Turawa, tsakanin Kebbe da Tambuwal babu wanda ya kai Ɗangiwa taka keke. Mu 'yan wancan zamani duk ƙafa gare mu, ba irin ta yaran yanzu da rana ke kayarwa ba, amma ko a cikinmu shi daban ne. Bandar kifi yake ɗaukowa daga Kebbe, kwando bisa kwando, ya keta yashi da ƙaya, ya iso kasuwar Tambuwal tun mahauta ba su gama fiɗa ba. Da keken nan yake ci da matarsa Atu da 'ya'yansu.

To, keke ya tsufa. Ƙarfen tsakiya ya tsage, maƙeri ya ɗora masa wani ƙarfe ya naɗe da ɗanyar fata, ya ce, "Ɗangiwa, wanga keke ba shi ganin damana." Ɗangiwa kuwa ya yi dako a ka tun yana yaro har wuyansa ya ƙi. Ya san ran da keken ya mutu sai ya koma gammo, ga furfura ta fara fita.

Ana nan sai Di'o, Baturen mulki, ya zo rangadi, ya sa aka yi shela za a yi tseren keke, na samari daban, na masu furfura daban. Na masu furfura za su bi hanyar Kebbe har wata babbar tsamiya, su kewaye ta su komo. Wanda ya riga kowa, sabon keke nasa ne, baƙi wuluk, da fitila da famfo. Ɗangiwa ya ga keken an jingine shi a bakin kasuwa, ya dube shi ya sake dubawa. Ya ce wa Atu ta share wa keken wuri a zaure.

Ranar tsere dogari ya bi layi yana duba gemu, wanda ba shi da farin gashi ya kore shi. Bube, wani Bafillace mai gyaran keke, abokin wasan Ɗangiwa, ya ce, "Kaɗo, wanga ƙwarangwal zaka hawa? Ka bar wasiyya?"

"Kai dai riƙe wandonka," in ji Ɗangiwa. "Ƙurata kaka sha yau."

Bai rufe baki ba sai ga Baba Namadi ya turo nasa keke. Shi ne mahaifin Atu, tsohon masinjan hakimi, gemu fari fat. Ɗangiwa ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Tun da ya auri Atu bai taɓa kiran sunan tsohon ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai kuma taɓa wuce shi a kan abin hawa ba. Haka muka tashi, suruki ba abin wasa ba ne.

Di'o ya ga tsufan Namadi, ya ce a ba shi rata. Aka sallame shi shi kaɗai, sai da ya ɓace wa ido sannan aka busa wa sauran usur.

Kai, ranar an ga taka keke! Kafin a fita gari Ɗangiwa ya bar kowa a baya, ko ƙarar sarƙarsu ba ya ji. Hanyar kuwa yashi ce, wurin da ke da tauri ɗan siriri ne kamar tsagar kitso, hagu da dama shingen ƙaya na masu gona. Yana shan wata kwana sai ga farar riga a gabansa, tana tafiya a hankali.

Ya gane Baba Namadi ne. Ya kai yatsa ga ƙararrawa, ya janye. Wa ya taɓa kaɗa wa surukinsa ƙararrawa? Ya bi bayan tsohon yana danne birki, zufa na zuba, kunnensa na can baya. Ba a jima ba ya ji sauran tafe.

Bube ne ya fara isowa. Ya sauka ya ruga da kekensa ta cikin yashi, ya wuce su duka biyu, yana cewa, "Mi kaka jira, Kaɗo? Ko rakiyar amarya kaka yi?" Wani ya wuce, wani ma ya wuce.

Ɗangiwa ya ga babu mafita sai ta gaisuwa, ko tsohon ya ba shi hanya. Ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya ɗaga murya. "Baba, barka da hanya."

Ai kuwa sai Namadi ya tsaya ya sa ƙafa ƙasa, don ba a amsa gaisuwar suruki a tsaitsaye. Ya kau da kai gefe, kamar da shingen yake magana.

"Barka kadai. Ina gajiya?"

"Babu gajiya, Baba."

"Ina mutanen gida?"

"Suna lafiya."

"Ƙaramin nan da ad da tari, ya samu sauƙi?"

"Ya samu, Baba."

Ya tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gero, ya tambayi jaki. Ɗangiwa na durƙushe, kekuna na wucewa ta gefensa, yana amsa "lafiya lau" da murya kamar ta mai zazzaɓi. Da aka gama, ƙarami ba ya hawa sai babba ya tashi. Namadi ya hau, ya sake shiga gaba.

Haka suka tafi har tsamiya. Suna kewayawa na gaba sun riga sun yi nisa da komawa. Nan tsohon ya waiga, karo na farko, ya ga fuskar mijin 'yarsa, ya ga fatar da aka naɗe ƙarfe da ita. Ya sauka, ya jingine kekensa, ya juya baya yana fuskantar tsamiya, ya ce da ita, "Ni kam hutawa nika yi."

Ɗangiwa ya gane. Ya ɗauki takalminsa a hannu, ya tura keke da ƙafa har ya sha kwana inda tsohon ba zai gan shi ba, sannan ya hau.

Wanda bai ga wannan gudu ba bai ga gudu ba. Ya tashi tsaye bisa feda, yana cin su ɗaya bayan ɗaya, wasu har faɗawa ƙaya suke yi don ba shi hanya. Rumfunan kasuwa suka bayyana, saura Bube kaɗai, har yana ganin zufar ƙeyarsa. Ya ƙara dannawa. Sai fatar nan ta ce ɓas, keke ya rabu biyu, Ɗangiwa ya kife cikin yashi.

Ya daɗe zaune yana jin guɗa daga kasuwa. Waɗanda ya wuce suka sake wuce shi. Daga baya ya tashi, ya naɗe hularsa ya yi gammo, ya haɗa guntayen keken ya aza a ka.

Yana cikin tafiya ya ji ƙarar sarƙa a bayansa, ta zo kusa ta tsaya. Ya raɓe jikin shinge don ya ba da hanya. Ba a wuce ba. Baba Namadi ya sauka, yana tura kekensa, idonsa a ƙasa.

"An ce mani keken gidan ɗiyata ya tsage," in ji tsohon, yana magana da yashi. "Nic ce ko in ciyo ma jikokina sabo."

Ɗangiwa ya so durƙusawa, kayan ka suka hana shi.

"Tafi," in ji Namadi.

A haka suka shiga Tambuwal, ƙarami a gaba da ƙarfe a ka, babba a baya yana tura keke. Bube na tsaye riƙe da sabon keke, ya shirya baƙar magana, da ya gan su sai ya haɗiye ta.

Kasuwar da ta zagayo, tun da sassafe Atu ta naɗa masa gammo mai kauri, ta taya shi aza kwando. Ya isa Tambuwal rana ta karkata, mahauta sun wanke wuƙaƙensu.